Danshin Bangon Inna

Bangon ɗakin Inna daga ƙasa ya fara gumi, daidai inda kan gadonta yake. Da fari tabo ne kamar tafin hannu. Kafin wata ya zagayo fenti ya kumbura yana ɓarewa, baƙar fumfuna ta hau, katifa ta ɗauki wari, ita kuma ta kama tarin da ba ya barin ta ta kai ƙarshen magana. Shekara talatin da ɗaya tana kwana a ɗakin nan. A nan ta yi jinyar mijinta har Allah ya karɓi abinsa, bango bai taɓa yi mata haka ba.

Auta, ɗanta na ƙarshe, mai aikin ofis da takalmi mai sheƙi, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana yatsina fuska kamar ba a ɗakin aka yaye shi ba.

"Inna, gidan nan ya gama aiki. Likita ma ya ce danshin ne ke kama miki ƙirji. In ƙarshen wata ya yi ba a shawo kansa ba, mota zan kawo ki koma wurinmu. Mun ma gyara miki ɗaki."

Ta san ɗakin. Na bayan kicin ne, mai taga kamar ta kurkuku, inda suke jibge tsofaffin akwatuna.

"Ni ba akwati ba ce da za a ɗauka a jingine," in ji ta. "Nemo min mai gyaran famfo."

A cikin waya ya nemo shi. Wai taurari biyar gare shi, na yabon waɗanda ya yi wa aiki. Inna ta ce ita aikin ruwa take nema, ba soja ba. Mutumin ya iso da guduma a kafaɗa, ko sifana babu a jikinsa. Ya dafa wurin da ya jiƙe, ya girgiza kai irin na wanda ya ga gawa.

"Nan ne, Hajiya."

"Ai ko makaho ya san nan ne ya jiƙe. Daga ina yake zuwa?"

Amsar da ta samu ita ce guduma. Kafin azahar ya buɗe rami a bango wanda akuya za ta shige ba ta sunkuya ba. Bututun da ya tarar lafiyarsa lau, ko ɗigo babu. Duk da haka ya yanke shi, ya je ya sayo sabo ya liƙa, don kada a ce ya fasa bango a banza. Ya bar mata tulin ƙasa a kan leda, ya ce gobe zai zo ya toshe. Har yau goben ba ta waye ba. Danshi kuwa ya tsallake ramin ya ci gaba da harkarsa.

Na biyu abokin aikin Auta ne ya turo shi. Wannan da riga mai ruwan ɗorawa ya zo, an yi rubutu a bayanta, kuma da bakinsa ya ce a kira shi Injiniya. Ya ɗauki hoton bango ta gaba, ya ɗauka ta gefe, sai ka ce amarya. Sannan ya shiga banɗakin da ke bayan bangon ya ɓamɓare tayil takwas a ƙasa, ya leƙa, ya fito yana karkaɗe hannu. Bai ko dubi Inna ba. Auta ya ja gefe yana zuba masa Turanci ta saman kanta, tana tsaye a tsakiyar gidanta.

"Me ya ce?"

"Ya ce duk bututun gidan sun ruɓe. Sai an fasa daga ƙofa har bayan gida, kuma mutum ba zai zauna a ciki ba. Kin ji ko? Ba ni na faɗa ba."

Injiniya ya tafi haɗo kaya. Daga nan wayarsa ta mutu, mutuwar da ba a tashi. Saura kwana biyar wata ya ƙare.

Washegari Inna ta yafa mayafi, ta jefa gutsuren tayil a jaka, ta nufi shagon kayan famfo na ƙarshen layi. A nan masu gyara ke zama a kan benci suna jiran wanda ƙaddara ta faɗa wa. Mai gudumar nan na cikinsu, ya miƙe ƙafa yana shan shayi. Ta zazzage masa jakar a gaba.

"Kai, mai rushe gidan mutane! Tashi ka je ka toshe min bangona."

"Haba Hajiya, ni nawa aikin na yi. Wannan wani ruwan ne daban. Tayil ɗin nan ma ba ni ba ne."

"Kai da shi duk uwarku ɗaya. Ruwan ne daban? Sunansa ya gaya maka?"

Benci ya kwashe da dariya. Nan da nan suka yi mata caa, wannan ya ce shi zai yi, wancan ya ce shi ya yi wa asibiti aiki, wani har ya riga ya ɗauki guduma. Ta ture su ta shiga wurin mai shago, wani ƙato mai tabarau a kan hanci.

"Bawan Allah, a cikin tarkacen nan akwai na kirki?"

"Iya, duk nawa ne. Kowa gwani. Rufe ido ki ɗauka."

Ta tsaya tana kallon masu sayayya. Ɗaya ya fito da bututu shida a kafaɗa, mai shago na yi masa kirari. Wani ya cika buhu da gwangwanayen gam, mai shago ya ce a gaida iyali. Inna ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta yi shekara ashirin tana sayar da sabulu da allura ta taga, ta san wanda mai kaya yake yi wa murmushi. Wanda ke kwashe masa kaya ne, ba wanda ya iya aiki ba.

"To na sauya tambaya," in ji ta. "A cikin masu zuwa nan, wane ne in ka hango shi ranka ke ɓaci?"

Kafin ya buɗe baki benci ya amsa gaba ɗaya: "Guda-ɗaya!"

Mai shago ya ja tsaki. "Kada ki ɓata min safiya, Iya. Mutum ya zo ya tsaya min awa guda yana jujjuya 'yar roba a hannu, ya hura, ya duba ta a rana, sannan ya sayi guda ɗaya tal. Gidan da ya shiga kuwa, sai in yi shekara biyar ban ga ƙeyar masu gidan ba. Wannan ai kashe kasuwa ne."

"Shi nake so. Ina yake?"

Aka aika masa, da hantsi ya iso gidan a kan keke. Ɗan siririn dattijo ne mai furfura a gemu, jakarsa ba ta fi ta ɗan makaranta ba. Auta ma ya iso, motarsa cike da kwalaye na zuba kaya, wai don a rage aiki. Ya dubi keken, ya dubi mai keken.

"Inna, Injiniya guda ya gama magana, wannan me zai ƙara?"

"Injiniyan naka yana ina?"

Guda-ɗaya ya jingine kekensa. Ya leƙa ramin ɗaki, ya leƙa na banɗaki, ya ce, "Allah ya sawwaƙe," shi ke nan. Bai taɓa bango ba. Ya ce a rufe kowane famfo na gidan, ya fita waje ya tsuguna gaban mitar ruwa yana kallon 'yar allurarta kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai.

"Tana tafiya," ya ce.

Ya tashi ya kulle ruwan kicin, ya dawo ya tsuguna. Tana tafiya. Ya kulle na banɗaki. Ta tsaya cak.

"Ba duk gidan ba ne. Layi ɗaya ne."

Ya sake buɗewa, ya zaro doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a bangon banɗaki, ya ɗora kunne a kan mariƙin. Ya ce kowa ya yi shiru. Tari ya taso wa Inna.

"Inna, a ɗan riƙe shi," in ji dattijon.

Ta riƙe har idonta ya kawo ruwa. Tun rasuwar mijinta ba wanda ya ce ta yi shiru ta yi. Shi kuwa yana matsawa taƙi-taƙi, ba ƙasa ba inda kowa ya haƙa, sama yake yi. Ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya tsaya daidai wani ƙarfen dafawa da ke kafe a bango kusa da wurin wanka.

"Wa ya kafa wannan?"

Inna ta juya a hankali ta dubi ɗanta. Wata uku da suka wuce, ranar hutu, Auta ya zo da na'urar huda bango ta aro, ya naɗe hannun riga, ya ce ba sai an kira kowa ba, shi zai kafa mata abin riƙewa kada ta zame. Har hoto ya ɗauka ya tura wa yayyensa.

"Ai... a bango na kafa," in ji Auta.

"A bango ne," in ji dattijon. "Matso ka riƙe min nan."

Ya kwance ƙusa ta farko, ba komai. Ta biyu, ba komai. Yana zare ta uku ruwa ya yi tsartuwa siriri, ya sami Auta a ƙirjin farar rigarsa.

"Ƙusar ta huda bututu, kuma ita ta toshe ramin, shi ya sa yake tsiyaya kaɗan-kaɗan. Ruwa ba ya fitowa inda ya fashe. Jikin bututu yake bi ya gangara, sai inda ya sami siminti mai rauni ya leƙo."

Ya kulle ruwa. Tayil ɗaya ya cire. Ya yanke abin da bai fi tsawon yatsa ba, ya zaro mahaɗi guda daga aljihu, ya shafa gam, ya haɗa. Da ya buɗe ruwa ya kira Inna waje ta gani da idonta: allurar mita ko motsi.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi.

"Gida ya gama aiki, ko? Bututu sun ruɓe. Shekara talatin da ɗaya bangon nan na tsaye lafiya, sai da na haifo masa ciwo da cikina."

"Inna, don kada ki faɗi na yi."

"Na sani. Da mugunta ka yi ai da ba ka iya saiti haka ba." Ta juya ga dattijon. "Malam, mayar min da ƙarfen, ina jin daɗinsa. Amma kai za ka kafa. Wannan ko hoto zai rataya a gidan nan, sai an kira ka."

Guda-ɗaya ya ja layi da alli ya nuna inda bututu ya bi, ya matsar da ƙarfen gefe. Yana haɗa jakarsa ya ce bangon ya sha ruwa sosai, sai ya yi wata biyu yana shan iska kafin a toshe ramukan, kuma mai tari kada ta kwana kusa da shi.

Fuskar Auta ta washe. "To kin ji! Wata biyu kawai, Inna. Ki zo wurinmu, in ya bushe..."

"Falona ba shi da rufi ne?"

"Yana da shi, amma..."

"Cire takalmin nan ka kama gado. Wata biyun kuma ka yi amfani da su ka nemo min 'yan uwanka biyu, mai taurari da mai riga. Kai ka samo su, a wayarka za ka nemo su. Ranar toshe ramuka ina son in ga kowa da cokalin siminti a hannu."

Ta ja kujera ta zauna a tsakiyar falo. Auta ya cire takalmi, ya kama kan gado, dattijon ya taimaka masa da ƙafafu. A bakin ƙofa gadon ya cije.

"Karkata shi, kai! Ta hagu! Ka kuma bi min bango a hankali, ka yi masa abin da ya isa."