Sista Ta Miƙa Aiki

Kwana biyar da rasuwar Sista, 'ya'yanta uku suka shiga kwashe kayan ɗakinta. Sista kowa ke ce mata, har su da ta haifa, don shekara talatin da takwas ta yi tana aikin jinya a asibiti, da ta yi ritaya kuma sai ta mai da gidanta asibitin. Ta rasu tana da shekara casa'in da uku, da hankalinta garas da bakinta mai kaifi.

Yaya Babba, 'yarta ta fari, tana zaune a bakin gado tana ninke fararen riguna da hannun hagu. Na daman kuwa ta manne shi a jikinta. Wata huɗu ke nan da ta ji wani ƙullutu a nononta na dama, mai tauri kamar tsakuwa, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Kada ka ce sakarci ne, ko da yake akwai shi a ciki. A gidan nan ba wanda ya taɓa kai kansa asibiti sai Sista ta duba shi tukuna. Za ta ja maka fatar ido, ta kama wuyan hannunka tana kallon agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ta danna inda ke ciwo. Sannan ta yanke hukunci, ɗaya cikin biyu: "Tashi ka ba ni wuri," ko kuma "Sa takalminka." In ta ce sa takalminka, to, asibiti ya kama ka. Mutum arba'in da wani abu, 'ya'ya da jikoki da surukai, har da masu digiri bibbiyu, duk haka suka rayu. Lokacin da Yaya Babba ta gano ƙullutun, Sista ta riga ta kwanta. Ta yaya za ka kai wa mai numfashi da ƙyar irin wannan labari? Sai ta ce bari Sista ta ji sauƙi. Ba ta ji ba.

"Kai! Ga abokiyar gabata!" in ji Auta, ƙaninsu, direban babbar mota mai sanƙo da tumbi. Ya zaro wata 'yar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, wadda Sista ke dafa allurai a ciki zamanin da. "Wallahi da na ji ƙarar murfin nan, ko zazzaɓin mutuwa nake, sai na warke."

"Ka warke ko ka haura katanga?" in ji Malama, 'yar tsakiyarsu. "Ba ni na riƙe maka ƙafa ba, kana ihu a zo a cece ka?"

Suka yi dariya har Auta ya goge ido da bakin riga. Daga nan hira ta ɓalle. Malama ta tuna yadda Sista ke zagaya ɗakunansu kowace safiya, ta ɗaga zanen gado, in ba a ja shi ya miƙe tsaf ba ta yaye ta jefar a ƙasa. Auta ya tuna ranar da babansu ya cika a ɗakin da take aiki. Ita ta rufe masa ido, ta fita bayan gini ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo, don akwai mutum goma sha tara da ke jiran magani. Bayan haka ita kaɗai ta rene su, ta rene 'ya'yan ƙanwarta biyu, kuma rabin yaran layin a hannunta suka faɗo duniya.

Yaya Babba tana ta murmushi. Amma tsoro take ji, tsoro sosai. Ta san asibiti ba nisa, ta san motar da ake shiga. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda mutum ke tashi haka kawai ya tafi ba a ce masa tafi ba. Shekararta sittin da bakwai, abin kunya, amma gaskiyar ke nan.

Ana cikin haka 'yarta ta shigo, wadda suke kira Takwara don sunan Sista ta ci, kuma aikinta ta gada. Daga asibiti take, ko kayan aikin ba ta cire ba.

"Kawu, Inna, ku ɗan ba mu wuri, ina da magana da Umma."

"Iye! An fara ke nan," in ji Auta, ya ɗauki akwatinsa ya yi waje. Malama ta bi shi.

Takwara ta tura ƙofa ta zauna kusa da uwarta.

"Umma, kin san a wurinmu nas ba ta tafiya gida sai ta zaga da mai karɓarta gado-gado, ta gaya mata halin kowa. To, kwana biyu kafin Sista ta rasu, da kika fita sayo magani, ta miƙa min aiki."

"Wane aiki kuma?"

"Ku. Ɗaya bayan ɗaya, tun daga kan Kawu. Ta ce hawan jininsa ya fi yadda yake faɗa, kuma yana ɓoye gishiri a mota. Ta ce Inna ba a yi mata allurar fenisilin, ta taɓa kumbura tana 'yar shekara shida. Awa biyu tana yi, tana hutawa, ina rubutawa a bayan takardar magani. Ke ta bari ƙarshe."

Yaya Babba ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Ta ce duk sanda kika ɗaga ta, kina kare gefen dama da gwiwar hannu, kuma kina cije leɓe. Ta ce idonta ya mutu, amma ba ta makance ba."

"To me ya hana ta tambaye ni?" Muryarta ta fito da zafi. "Kullum ina gabanta! Ni ke yi mata wanka!"

"Na tambaye ta. Ta ce yatsunta sun daina jin komai tun bara. In ta taɓa ki ba ta ji abin ba, ta ce ba komai, za ki yarda, shi ke nan ta kashe ki da bakinta. In kuma ta ce ki tafi, za ki ce sai ta warke, ku ɓata sauran kwanakinta da gardama. Ta ce in bar ki ki binne uwarki, amma kada in wuce kwana biyar."

Haushi ya kama Yaya Babba, na tsohuwar da ta san ta ciki da bai har haka, sai kuma kewa ta danne haushin. Daga tsakar gida ana jin Auta yana kwaikwayon muryar Sista, jikoki suna ƙyalƙyala dariya.

Ta kwanta a kan gadon uwarta, ta ɗaga riga, ta kau da kai wajen bango. Yarinyar da ta goya ce ke danna ta yanzu, a hankali, daga nono zuwa hammata, ta koma ta sake. Ta daɗe, har Yaya Babba ta gaji da jira.

"Mugun ne?"

"Ban sani ba, Umma. Sai an yi hoto, an ɗebi nama an gwada."

Yaya Babba ta juyo ta dube ta. Tun da take, ba a taɓa duba ta a ɗakin nan aka ce mata ba a sani ba. An yi jana'iza tana nan, ta karɓi gaisuwa kwana biyar, amma sai yanzu ta yarda Sista ta mutu.

Ta sauke rigarta, ta tashi zaune da kanta.

"Ƙarfe nawa suke buɗewa?"