Saukowar Na-Sama

Na-Sama suke ce masa a wurin ginin, domin shi ke tuƙa injin ɗaga kaya, yana zaune a wani ɗan ɗakin gilashi can ƙololuwa. Tsani ne hanyar hawa, tsani ne hanyar sauka.

Sai fitsari ya sa shi a gaba. Yana ɗaga bokitin siminti zai ji marar ta ɗaure. Ya bar bokitin yana lilo a sama, ya sauko da gudu, ya shiga banɗaki, abin da zai fito bai cika cokali ba. Kafin ya koma kujerarsa wani ya taru.

"Na-Sama, aikin ɗaga kaya muka ɗauke ka ko na gwajin tsani?" in ji shugaban aiki.

Ya yi wa kansa dabara: ya daina shan ruwa. Abin ya ƙara ɓaci.

Yayan matarsa, wanda bai taɓa jin ciwon da bai san mai shi ba, ya zo duba shi. "Shekaru ne, ƙanena. Akwai abin da ke kumbura wa maza a wuyan mafitsara. Yanka ka za a yi. Wani abokina ma haka aka yi masa."

"Ya warke?"

"Allah ya jiƙansa."

Ranar zuwa asibiti Na-Sama ya yafe wa kowa a gidan, har da waɗanda ba su yi masa komai ba. Matarsa ta raka shi.

Likita ya sa aka gwada fitsarin, ya duba wurin da yayan ya ambata, ya ce babu abin tsoro. Sannan ya danna masa ciki, ya tsaya.

"Yaushe rabonka da bayan gida?"

"Likita, ƙarar gaba na kawo, ba ta baya ba."

"Maƙwabta ne, katanga ɗaya ta raba su. Yaushe?"

Na-Sama ya dubi silin.

"Ya daɗe a haka, likita," in ji matar. "Da rediyo yake shiga. A gama labarai, a gama sharhi, ya fito yadda ya shiga."

"Ke aka tambaya?"

"Kai aka tambaya, Baban yara, ba ka amsa ba."

Likita ya ce hanjin ne ya cushe, ya danne mafitsara, ta rasa wurin tara fitsari, in ta zo zubarwa kuma ba ta ƙarasawa. Rashin shan ruwa ya ƙara busar da kayan. Ya rubuta maganin da zai sassauta cikin, ya ce a sha ruwa, a ci ganye da 'ya'yan itace, a riƙa taka ƙasa, kuma in cikin ya kira a amsa, ko ana sama.

"Wuƙar fa?" in ji Na-Sama.

"Ka yanka gwanda da ita. Idan cikin ya saki fitsarin bai daidaita ba, ka dawo."

Cikin ya saki. Bayan 'yan makonni Na-Sama ya koma wuni a sama, ba ya saukowa sai da dalili, siminti na hawa ba tsayawa.

Leburorin ƙasa ne abin bai yi wa daɗi ba. Ashe duk saukowarsa hutu ce gare su. Babbansu ya tare shi a gindin tsani, gumi na zuba.

"Mun ji ka samu lafiya."

"Alhamdu lillahi."

"To," in ji babban leburorin, ya ɗauki shebur.