Katantanwar Sa'adatu a Kasko

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Gyaɗi-Gyaɗi zancen sabon gwamna yake, ban da Sa'adatu 'yar Lami mai turaren wuta. Ita zancen katantanwar teku take. Yarinyar da ko kogin Wudil ba ta taɓa tsoma ƙafa ba, wai halittun teku take karanta a jami'a.

Malaminta, Dakta Isyaku, ya ara mata wasu ɓawon katantanwa da ya kwaso daga bakin teku, 'yan ƙanana kamar malafa, irin masu manne wa dutse. Ya ce ta ware su dangi-dangi ta mayar masa, in ba haka ba ta maimaita shekara. Ta baza su a faifai ta tafi makaranta.

Lami ta shiga ɗakin neman tsintsiya ta gan su. Ta ce ashe yarinyar nan da hankali, farcen da ake soyawa a haɗa turare ta sayo wa uwarta, sabon samfuri. Ga wata amarya na jiran turarenta. Ta wanke su tas, ta juye rabi a kasko.

Sa'adatu ta dawo gida duk ƙauri.

"Umma, me kike soyawa?"

"Farcen da kika kawo. An cuce ki fa, ko ƙamshi babu."

Yarinya ta zauna daɓas, kukan ma ya ƙi zuwa. Lami ta dubi kasko, ta dubi 'yarta, ta jawo mayafin zuwa biki.

"Tashi. Ina gidan mutumin?"

Suka sami Dakta a gidansa a Tarauni yana alwala. Lami ta durƙusa ta dire kaskon gabansa, da ƙullin sauran da ba ta soya ba.

"Malam, ni na soya. Ita ba ta ma gida. In maimaita shekara ne, ni za a sa."

Dakta ya daɗe yana kallon baƙin kaskon. "Hajiya, tun daga Kalaba na ɗauko su."

"Allah sarki. Sun sha hanya."

Ya zube waɗanda suka tsira a tabarma, ya ce Sa'adatu ta ware su yana gani. Ta dinga juya su: wannan zanensa kaurara ne, wannan cikinsa shuɗi-shuɗi, wannan tsininsa ya karkata gaba. Da ta gama ya gyaɗa kai, ya ce ta kawo aikinta ran Litinin.

Sai da suka fito titi Lami ta saki numfashi.

"Mutumin kirki ne," in ji ta. "Matarsa ce dai ba ta iya turara gida ba."