Ranar da Muka Ɗaga Koci

Ni ce na kayar da ƙanwata. Gara in faɗa da bakina tun farko, don wanda ya ji labarin daga wajenta sai ya ɗauka daga saman bene na wurgo ta.

A wasan zari-ruga, in ƙwallo ta fita daga fili, jefo ta ake yi sama tsakanin layi biyu na 'yan wasa. Mutum biyu su ɗaga guda, ta cafe, su sauko da ita a hankali. A ƙungiyarmu ƙanwata ake ɗagawa saboda ba ta da nauyi, shi ya sa ma ake ce mata Tsinke. Ni ke riƙe ta ta baya, Direba ta gaba, wata mai tuƙa motar 'yan makaranta. Wata Asabar an yi ruwa, hannuna ya sulluɓe daga cinyarta, ta faɗo da kafaɗa. Targaɗe ne, sati uku ya warke. Tsakaninmu ne ya ƙi warkewa. Ɗaki ɗaya muke kwana, amma ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Ni da nake wuni ina ɗaukar buhunan fulawa a gidan burodi, har ake ce mini Mai Burodi, ban taɓa yar da ko ɗaya ba, sai ƙanwata. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Kocinmu shekara goma sha biyu ta yi tana buga wasa kafin gwiwa ta zaunar da ita. A lokacinta Garu ake ce mata, kuma ba wanda ya taɓa ganinta ya tambayi dalili. Tana da labarin wani wasa da ta ƙarasa da karyayyen yatsa. Mun ji shi ya fi sau arba'in, kuma duk bayarwa sai yatsun sun ƙaru.

Saura kwana huɗu mu buga wasa Tsinke ta zo atisaye da rigar ƙungiya a ninke cikin leda.

"Koci, in dai sai an ɗaga ni, ga rigarku."

"Haba 'yata, tsoron me?" in ji Koci. "Ni a lokacina..."

"A lokacinki sau nawa aka ɗaga ki?"

Koci ta shiga gyara igiyar usur ɗinta, alhali ba abin da ya same ta.

"Ni ɗagawa nake yi," ta ce.

"To ba ki san nisan ƙasa daga can ba."

Na ɗauka Koci faɗa za ta yi, don ba a saba mayar mata da magana ba. Sai ta cire usur ta miƙa wa Tsinke, ta tuɓe jaket ta jefar a ciyawa.

"Direba, Mai Burodi, ku zo ku ɗaga ni."

Direba ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. "Koci, ko motata akwai iyakar lodin da aka rubuta mata."

Kowa ya fashe da dariya, ban da ni. Da na tsaya bayan Koci na ga gumi na bin wuyanta, ga shi ba a fara gudu ba. Ta ɗan juyo, ta yi ƙasa da murya.

"Ko kujera ba na iya hawa in canja ƙwan fitila, maigidana ke yi. Ki riƙe ni, don Allah."

Aka ƙirga uku, muka yunƙura. Ko motsi ba ta yi ba. Ashe matar da ke mana tsawa kullum a kan tsalle, da ta ji uku sai ta ƙara kafe ƙafafunta a ƙasa. Muka sake, nan ma haka.

Tsinke ta kasa haƙuri. Ta ajiye ledar ta matso.

"Ba haka ake yi ba, Koci. Ki ɗaure cikinki, ki haɗe ƙafafu. Kada ki kalli ƙasa, ƙwallon za ki kalla. Ke dai yi tsalle, saura nasu ne."

"To, malama," in ji Koci.

A karo na uku ta tashi. Wallahi na ji nauyin har a haƙorana. Aka jefo ƙwallo, ta bugi ƙirjinta ta wuce, don hannuwanta suna can suna laluben abin kamawa a iska.

"Wayyo Allah! Ku sauke ni! Kada ku sake ni! Ku sauke ni!"

"Wanne za mu yi?" Direba ta tambaya tana nishi.

Kafaɗuna kamar za su ɓalle, amma ban saki ba. Muka sauko da ita sannu a hankali har ƙafafunta suka taɓa ciyawa. Nan take ta zube zaune, ta daɗe tana mayar da numfashi. 'Yan wasa suna ta dariya har da masu riƙe ciki, ita ma ta taya su. Can sai ta daina, ta ɗago ta dubi Tsinke.

"Shekara goma sha biyu ina cilla 'ya'yan mutane can sama, ko sau ɗaya ban ce wa wata sannu ba. Sannu, 'yata."

Tsinke ta juyo wajena. Hannuwana take kallo, waɗanda suka ɗaga Koci ba su sake ta ba. Na ɓoye su a baya don kunya.

Tsinke ta mayar wa Koci usur ɗinta. Ta zo ta tsaya gabana, ta juya mini baya, ta laluɓo hannuwan nan ta ɗora su a cinyoyinta, ta danna da kyau.

"Nan za ki riƙe, Yaya. Ƙirga."

Na ce ɗaya. A biyu muryata ta sarƙe, sai Direba ce ta ce uku.