Rabin Askin Ɗantsoho

A shekarar da En'e ta Gumel ta hana 'yan sintirin ƙauye hukunta ɓarawo, ta ce a riƙa miƙa shi ga 'yan doka, Dalhatu ne shugaban sintiri a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Ya ji dokar, amma bai riƙe ta ba.

Wata Alhamis takarkarin wata gwauruwa, Hajaratu, wani sa mai karyayyen ƙaho, ya ɓace. Dalhatu da mutanensa suka bi sawu har bakin kasuwar Maigatari, suka tarar da wani dattijo yana jan sa da igiya.

"Sunana Ɗantsoho," in ji dattijon. "A gonata na tsince shi, cigiya na kawo shi."

"Kowane ɓarawo haka yake cewa, baba," in ji Dalhatu.

Suka danne shi, Dalhatu ya aske masa rabin kai, kamar yadda aka saba yi wa ɓarawo, suka zaga da shi kasuwa. Suna cikin zagayen sai ga sankira ya taho da gudu.

"Kai, me kuka yi? Tun da hantsi wannan bawan Allah ya sa ni shelar an tsinci sa mai karyayyen ƙaho!"

Dalhatu ya saki igiyar. Da labari ya kai wurin 'yan doka, sajansu bai yi masa faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Da gare mu ka kawo shi, da tambaya ɗaya ta isa."

Kwana shida Dalhatu bai iya haɗa ido da kowa ba. Da ya ji Ɗantsoho ya daina fita ko masallaci, sai ya tafi gidansa, ya durƙusa a zaure. Askin yana nan yadda ya bar shi.

"Baba, ka yafe mini. Bari in kira wanzami ya ƙarasa."

"A'a, ɗana. Waɗanda suka ga farkonsa ba su cikin zauren nan."

Washegari, kasuwa ta cika, Dalhatu ya zo da Ɗantsoho tsakiyar kara, inda ake cinikin shanu, ya ɗaga murya. "Jama'a, wannan dattijo ba ɓarawo ba ne. Ni na zalunce shi."

Ya jiƙa masa kai, ya ɗauki aska.

"A hankali, sarkin sintiri," in ji Ɗantsoho. "Kada ka haɗa da kunnen."