Kujerar da Auta Ya Ajiye

Mijina dattijon ikilisiya ne, amma duk unguwa Sura-da-Aya ake ce masa. Ba ya jin haushin sunan, har gyara wuyan riga yake yi idan ya ji an kira shi. Ko tambayarsa ka yi ko za a yi ruwa yau, sai ya haɗa maka da aya. Mai gyaran rufin da ya taɓa zuwa gidanmu sai da ya sha wa'azi yana tsaye a kan tsani, ba halin gudu. Amma ba zan ci amanarsa ba, abin da yake faɗa shi yake yi. Ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya zagi, kuma in Littafi Mai Tsarki ya ce abu, a wurinsa magana ta ƙare.

Auta kuwa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kafinta ne, shi ya ƙera duk bencinan cocinmu, kuma shi ne mai babbar muryar nan a ƙungiyar mawaƙa. Da matarsa ta rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, sai ya zama kamar gidan da aka kwashe kaya. Yana zuwa sujada, yana waƙa, amma in ka dube shi ka san babu kowa a ciki.

Wata rana mijina yana dawowa daga asibitin ido, ya yanke ta lungun bayan shagon Auta, ya tarar da shi zaune a kan katako da kwalbar giya a baki. Suka yi ido huɗu. Mijina ya kau da kai ya wuce. Bai ce wa Auta komai ba, ni ma da muke cin abinci kwano ɗaya bai gaya mini ba. Gaban taron dattawa ya kai maganar.

Ni a coci na ji, tare da kowa. Fasto ya miƙe bayan sanarwa, ya ce an sa ɗan'uwanmu kafinta a ƙarƙashin horo: ba waƙa, ba cin jibin Ubangiji, kuma zai riƙa zama a bencin baya har sai an ga tuba. Sannan mijina ya tashi ya ƙara da aya, wadda take cewa a kai maganar mai laifi gaban ikilisiya. Da muryarsa mai kyau ya faɗe ta, ko tuntuɓe bai yi ba. Matan da ke layina suka yi ta satar kallona. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Auta ya fito daga cikin mawaƙa, ya tuɓe rigar ƙungiya, ya ninke ta da kyau ya ajiye. Ya bi ta tsakiyar jama'a har bencin baya, wanda shi ya goge katakonsa da hannunsa, ya zauna har aka tashi. Daga ranar bai sake taka ƙofar coci ba. Shan da yake yi a ɓoye ya dawo fili, har aka fara ganinsa da rana tsaka yana tangaɗi. In na kai masa abinci, sai ya karɓa a bakin ƙofa ya ce, "Na gode, Yaya," ya juya. Ina gani ƙanena yana tafiya, ba ni da igiyar da zan jawo shi.

A gida kuwa na rage wa mijina magana, sai gaisuwa da "ga ruwan wanka". Da na kasa haƙuri na yi masa ƙorafi, sai ya ce, "Maman yara, Littafi ba ya duba suruki." Na ce to, Allah ya ba da lada.

Muna da al'ada ta karatun safe kafin shayi. Tun da idonsa ya fara ba shi wahala, ni nake karantawa yana sauraro. Dokarsa ɗaya ce: ba a tsallake. Ko jerin sunayen nan ne masu karya harshe, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, domin a cewarsa wanda ya zaɓi abin da zai ji a Maganar Allah, kansa yake bauta wa.

A haka wata safiya muka iso wurin ayar nan. Ina cikin karatu sai na ji kalmomin sun yi mini kama da waɗanda ya faɗa a coci, amma ba daga nan maganar ta fara ba. Cewa aka yi, in ɗan'uwanka ya yi laifi, ka fara zuwa ka same shi, kai da shi kaɗai. In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai in duk ya ƙi, sannan a kai gaban ikilisiya. Ashe wutsiyar ya riƙe ya bar kan.

Na tsaya. Ya ce, "Ci gaba mana."

Na koma farkon wurin na sake karantawa, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi.

"Na ji," in ji shi.

"Ka taɓa jin wannan, Baban yara?"

"Tun ina yaro na haddace shi."

"To me ya hana ka zuwa?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe yana juya shi. Na shirya tsaf in ji wata ayar da zai kare kansa da ita, har na tanadi amsa. Sai ya ce, "Tsoro na ji. Mutum ya binne matarsa, me zan ce masa? A gaban dattawa ina da abin faɗa. A gabansa ba ni da shi."

Na daɗe ina jiran ranar da zan kayar da shi a magana, ga ta ta zo, amma ko kaɗan ban ji daɗi ba. Kunya ce ta rufe ni, irin ta wanda ya buɗe ƙofa ya tarar da babba bai gama sa tufafi ba. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Shayin ya huce a gabanmu, ba wanda ya taɓa shi.

Ya shiga ɗaki ya fito da fararen kayansa na Lahadi, alhali ranar aiki ce. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Kada ki biyo ni. Mu biyu aka ce."

Na ce to. Yana shan kwana na ja mayafi na bi bayansa. Ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma ban yarda da bakin mijina ba.

Shagon Auta rumfa ce ta kwano mai buɗaɗɗen gaba. Na laɓe bayan tarin katakon da aka jingina a gefe, inda nake hango ciki ta 'yar kafa. Wurin ya lalace. Ga wata ƙofa da aka fara ba a gama ba, ga zarto a ƙasa ya fara tsatsa, tukunyar gam ta bushe. Auta yana zaune a kan teburin aiki, idanunsa jajur, ko tashi bai yi ba.

"Sannu da aiki," in ji mijina.

"Wane aikin?" in ji Auta. "Baban yara, ka yi ɓatan hanya ne? Ai yau babu taron dattawa a nan."

"Wurinka na zo. Tun ranar nan ya kamata in zo, ban zo ba. Na karya Maganar da nake ɗora wa mutane."

Auta ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ya nuna kusurwa da haɓa. Wata kujera ce mai hannu a wurin, ita kaɗai ce kammalalliya a shagon, garin katako ya rufe ta har ba a gane launinta.

"Ka ga waccan? Ranar da ka gan ni, da ka wuce, na zubar da sauran kwalbar. Na ce shi ke nan, yayana ya gani, zai zo. Ai kai ka koya mana ayar a ajin baftisma, ka ce haka ake yi. Na share shago, na fito da ita daga ciki don kada ka zauna a kan katako. Kullum da safe sai in goge ta. In na ji takun mutum a lungu, sai gabana ya faɗi, amma wallahi daɗi nake ji. Na ce yau wani zai tambaye ni abin da ke damuna." Ya goge hanci da bayan hannu. "Sai ranar Lahadi na ji amsata daga bakin fasto."

A bayan katakon na toshe bakina da mayafi. Ni ma abinci kawai nake kawowa in tafi, ban taɓa tambayarsa ba.

Mijina ya taka zuwa kusurwar, ya jawo kujerar har gaban Auta. Auta ya miƙa hannu zai ɗauko tsumma, mijina ya ce, "Bar ta." Ya zauna a kan garin katakon da fararen kayansa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"To, ga ka ga ni," in ji Auta. "Fara. Wace sura ce?"

Mijina ya buɗe baki. Mutumin da ko a cikin barci aka tashe shi zai ba ka aya, yau ko ɗaya ba ta zo masa ba. Sai kawai ya ce, "Auta, yaya kake kwana a ɗakin nan kai kaɗai?"

Ƙanena ya dube shi. Sai ya sunkuya ƙarƙashin teburin ya ciro kwalba, ya ajiye ta a ƙasa tsakaninsu, ya janye hannunsa. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Amma kafin ya ce komai, ya juyo da fuskarsa wajen tarin katakon.

"Yaya, tun ɗazu nake ganin bakin zanenki," in ji shi. "Je ki gida. Mu biyu aka ce."