Numfashi Goma a Kan Ƙafa Ɗaya

"Wayyo ƙafata, Malama!" in ji tsohon manaja, yana tangaɗi da ƙafa ɗaya a kan tabarmar yoga.

Malama ta murmusa. Shi ya taɓa shanya ta awa uku a ƙofar ofis kafin ya kore ta daga aiki. Yau likita ya turo shi ajinta neman natsuwa, bai ma gane ta ba.

"Saki ranka, Yallaɓai. Saura numfashi goma."

Ta dinga jan ƙirgen da gangan. A na bakwai ya zube tim, riƙe da ƙugu. Ranta ya yi sanyin da shekara biyar tana yoga ba ta same shi ba.

Sai ga wata mata a bakin ƙofa, tana ɗaukar bidiyo.

"Sannu, Malama. Ni lauya ce, wannan kuma babana ne."